Daga Fadamar Augie Zuwa Ɗakin Gwajin Tokyo: Gishirin Lantarki da Buhun Takinmu

Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin wannan mako saboda waɗanda data ba ta isar su sauraro, da kuma masu cewa sun fi gane abu idan sun karanta da idonsu. Na bar maganar kusan yadda ta fito daga bakina, don haka in kun ga ta yi kama da hira, to hirar ce.

Yau kemistiri za mu yi. Na san wasu har sun ɗaga yatsa za su wuce. Ku dakata, don Allah. Ku ba ni minti kaɗan, in na gama kuka ga abin bai shafi tukunyar gidanku ba, ku rubuta min a ƙasa, na yarda na ci tara.

Kwanaki na bi wani kawuna fadama, nan bakin gulbi, lokacin zuba wa shinkafa taki. Ya ɗaura buhun yuriya a bayan babur, muka sauke shi a kan kunya. Ya tsaya yana kallon buhun kamar wanda ke kallon maƙiyinsa, don sai da ya sayar da tunkiya kafin kuɗin suka cika. Can ya juyo ya ce da ni: "Kai ɗana, wanga karatu naka, mi shi ka ƙara muna ga gona?" Wallahi na rasa ta cewa. Na yi shekaru a jami'a, na yi hidimar ƙasa, na dawo, amma tambaya ɗaya ta dattijon da bai taɓa zama a aji ba ta ɗaure ni. Na ce, "Kawu, ka ba ni lokaci." Shirin yau shi ne amsar da na samo masa.

Mu fara da buhun kansa. Me ke ciki? Farin tsakin nan da muke kira yuriya, abin da shinkafa ke nema a jikinsa shi ne wani sinadari mai suna naitirojin. Kashi 46 cikin 100 na nauyin yuriya naitirojin ne, wato a buhu mai kilo 50 akwai kilo 23. Shi ke sa ganye ya yi kore shar, shi ke sa shuka ta yi 'ya'ya. In ya yi ƙaranci, kun san yadda gona ke komawa ɗorawa-ɗorawa.

To ga abin mamaki. Iskar da muke shaƙa yanzu haka, kashi 78 cikin 100 nata naitirojin ce. Wato a saman gonar kawuna akwai naitirojin da ba zai ƙare ba har jikokin jikokinsa, kyauta, amma sai ya sayar da tunkiya ya sayi kilo 23. Me ya sa? Saboda naitirojin na iska ba ya tafiya shi kaɗai. Bibbiyu suke, kuma igiya uku ce ta ɗaure su da juna. A duk ɗaurin da ke tsakanin ƙwayoyin zarra, wannan yana cikin mafi tsauri. Shinkafa ba ta da ƙarfin kwance shi. Dole wani ya tsinka igiyoyin nan tukuna, ya haɗa naitirojin da wata iska mai suna haidirojin, a sami amoniya. Daga amoniya ake yin yuriya.

Wani Bajamushe, Fritz Haber, shi ya nuna yadda za a yi haka a 1909, sannan Carl Bosch na kamfanin BASF ya mayar da abin masana'anta a garin Oppau a 1913. Dabararsu ita ce ƙarfi: zafi wajen digiri 400 zuwa 500, da matsi wanda ya ninka na iskar da muke ciki sau 150 ko fiye, tare da garin ƙarfe da ke taimaka wa haɗin. Har gobe da wannan hanya duniya ke yin taki. Masana sun ƙiyasta cewa kusan rabin mutanen duniya abincinsu ya dogara da takin da ake samu ta nan, kuma aikin yana lashe kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na makamashin da duniya ke amfani da shi.

Irin wannan zafi da matsi ba a yin su a ƙaramin shago. Sai katafariyar masana'anta ta biliyoyin daloli, kusa da iskar gas, kusa da tashar jiragen ruwa. Shi ya sa masana'antun yuriya na Najeriya suke kudu: Indorama a Eleme da Notore a Onne, duka a jihar Ribas, sai ta Dangote a Lekki ta Legas, wadda aka ƙaddamar a watan Maris na 2022, mai iya fitar da tan miliyan 3 a shekara. Buhun kawuna sai da ya hau tirela ya keto ƙasar nan tun daga bakin teku. Kuɗin dizal yana kansa, ribar dila yana kansa, ta ɗan kasuwa ma tana kansa. Kuma tunda ana sayar da yuriyarmu har Burazil da Indiya, farashin duniya yana taɓa shi. Kun tuna yadda taki ya yi tashin gwauron zabi a 2022 da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke? Yaƙin da ake yi a Turai, amma mutumin Augie ya ji a jikinsa.

Tambayar da masana suka daɗe suna yi ita ce: shin ba za a iya kwance igiyoyin nan da dabara ba, maimakon ƙarfi? A nan ne abin da na kira gishirin lantarki ya shigo. Sunansa a bakin masana ilektaraid. Ku riƙe sunan.

Bari mu koma aji ɗaya na sakandare na minti biyu. Komai da kuke gani, ƙasa, ruwa, jikinmu, an gina shi da ƙwayoyin zarra. Kowace ƙwaya tana da cibiya, sannan akwai wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa da ke kewaye da ita, su ake kira ilektaron. Su ne ke gudu cikin waya su kunna ƙwan lantarki. Duk wani haɗi da rabuwa a kemistiri, cinikin ilektaron ne: wannan ya bayar, wancan ya karɓa, ko su yi tarayya.

Ɗauki gishirin miya. Sinadarai biyu ne, sodiyam da kulorin. Sodiyam mai kyauta ne, yana da ilektaron ɗaya da yake neman rabuwa da shi. Kulorin kuma mai karɓa ne. Sodiyam ya miƙa, kulorin ya cafe, suka manne da juna, aka sami gishiri. Ilektaron ɗin ya sami uban gida, ya zauna, ba ya sake motsi. Shi ya sa gishiri ba ya tayar da hankalin kowa.

To a ilektaraid, mai bayarwa ya bayar, amma babu mai karɓa. Ilektaron ɗin sai ya tsaya da ƙafarsa a gurbin da kulorin ya kamata ya zauna, a cikin wani ɗan rami tsakanin ƙwayoyin zarra. Ba na kowa ba ne. Duk wanda ya taɓa kallon masunta a Matan Fada ranar bikin kamun kifi na Argungu, ya ga yadda suke jefa kifi cikin gora. Kifin yana nan da ransa, da ƙarfinsa, bai tsere ba, amma da ka zura hannu za ka fito da shi. Haka ilektaron yake a cikin ilektaraid. Kuma wannan shi ne amfaninsa: abu ne mai saurin ba da ilektaron ga duk wanda ya zo nema.

Labarin ya daɗe. A 1808 wani masanin Ingila, Humphry Davy, ya haɗa ƙarfen fotasiyam da iskar amoniya, ya rubuta a littafin aikinsa cewa ya ga wani launi shuɗi mai kyau. A 1864 wani Bajamushe mai suna Weyl ya narka irin waɗannan ƙarafa cikin amoniyar da aka sanyaya ta koma ruwa, shuɗin nan ya sake fitowa. Amoniya ba ta zama ruwa sai sanyi ya kai digiri 33 ƙasa da sifili. In ka jefa ɗan sodiyam a ciki, ruwan ya yi shuɗi kamar an tsamo shi daga marina. In ka ƙara da yawa, ya koma launin tagulla yana walƙiya. Sai daga baya aka gane cewa launin nan na ilektaron ne da suka bar iyayen gidansu suna yawo cikin ruwan.

Amma ruwa ne, da amoniyar ta ƙafe shi ke nan. Wanda ya fara kama ilektaron ɗin ya zaunar da shi a cikin daskararren abu mai tsari shi ne James Dye na Jami'ar Jihar Michigan a Amurka, a 1983. Dabararsa mai kyau ce. Ya ɗauki ƙarfen siziyam, ya bar shi ya saki ilektaron ɗinsa, sannan ya lulluɓe siziyam ɗin da wasu zobba na sinadari guda biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, yadda ilektaron ba zai sami ƙofar komawa gida ba. Dole ya zauna a ramukan da ke waje. Sai dai abin ba ya jure komai. Iska ta taɓa shi ya lalace, ɗumi ya taɓa shi ya lalace, dole a ajiye shi cikin sanyin da ya fi na firiza. Shekara 20 ilektaraid ya yi yana matsayin abin kallo a ɗakin gwaji.

Sai 2003. Wani malami a Cibiyar Fasaha ta Tokyo a Japan, Hideo Hosono, da abokan aikinsa suka samar da ilektaraid na farko da ke iya zama a ɗaki, cikin iska, a zafin da muke rayuwa, bai lalace ba. Kun san da me suka yi shi? Da ɗan'uwan siminti. Wani sinadari ne da ake samu cikin wani nau'in siminti mai alminiyam da yawa, masana na kiransa C12A7, wato kashi 12 na ƙonannen dutsen farar ƙasa da kashi 7 na ƙasar alminiyam. Akwai shi ma a cikin duwatsu, an fara gano shi kusa da garin Mayen a Jamus.

In da za ka iya leƙa cikinsa, za ka ga kamar gidan haya ne mai ƙananan ɗakuna. Kowane ɗaki bai kai rabin nanomita ba, nanomita kuwa shi ne ka raba milimita ɗaya gida miliyan. A kowane ɗaki 12, biyu ne kawai ke da ɗan haya, wato oksijin, sauran 10 babu kowa. Abin da su Hosono suka yi shi ne, suka rufe sinadarin tare da ƙarfen kalsiyam a cikin bututun da babu iska, suka gasa shi kwana da kwanaki. Daga baya suka koma amfani da ƙarfen taitaniyam. Waɗannan ƙarafa mayun oksijin ne, sai suka zuƙe 'yan hayan nan biyu. Kowane oksijin da ya fita sai ya bar ilektaron biyu a baya. Wato ɗakuna 12, ilektaron 4 suna zaune. Abin da yake fari, wanda lantarki ba ya bi ta cikinsa, sai ya koma kore, ya koma baƙi, ya fara ɗaukar lantarki.

Abin da ya girgiza masana shi ne, wajen saurin sakin ilektaron, wannan baƙin gari yana kafaɗa da kafaɗa da fotasiyam. Fotasiyam kuwa ƙarfe ne da in ka jefa shi a ruwa wuta zai kama. Ga abu mai kyauta irin ta fotasiyam, amma mai haƙuri irin na siminti.

Ku lura da sinadaran da nake ta ambata: sodiyam, fotasiyam, kalsiyam, alminiyam. A jadawalin nan na sinadarai da ake liƙawa a bangon aji, suna cikin dogayen layukan gefe, waɗanda ake kira manyan rukunai. Ba zinare ba ne, ba kuma wani abu ne da sai an je ƙarshen duniya ba. Sodiyam yana cikin gishiri da kanwa. Fotasiyam yana cikin ruwan tokar da iyayenmu mata ke sa wa miya, shi ne harafin K na takin NPK. Alminiyam, tukunyar gidanku. Kalsiyam kuwa, duk wanda ya bi ta Kalambaina kusa da Sakkwato ya ga inda ake fasa dutsensa ana yin siminti tun shekarun 1960. Ƙasar da muke takawa ce. Bambancinmu da mutanen Tokyo shi ne sun zauna sun yi mata tambaya.

To me ya haɗa wannan da taki? A kemistiri akwai abin da zan kira dillali. Kun san aikin dillali a kara: shi ba saye, shi ba sayarwa, amma in babu shi ciniki ba ya faɗawa da wuri. Ya haɗa mutum biyu, a gama, shi kuma yana nan ya jira na gaba. Garin ƙarfen su Bosch dillali ne. Akwai wani ƙarfe mai suna ruteniyam wanda ya fi shi iya aikin, sai dai yana da wata matsala: haidirojin na cika masa jiki har naitirojin ya rasa wurin tsayawa.

A 2012, Hosono da abokan aikinsa Masaaki Kitano da Michikazu Hara suka wallafa wani bincike a mujallar Nature Chemistry. Sun barbaɗa ɗan ruteniyam a kan baƙin garin nan. Sai ilektaraid ya riƙa tura ilektaron cikin ruteniyam, shi kuma yana miƙa su ga naitirojin da ya sauka a kansa. Ilektaron ɗin suna shiga ne daidai wurin da ke sassauta ɗaurin, kamar ka sa tsinke cikin ƙulli. Igiya uku ta yi laushi, ta tsinke ba tare da an sha wahalar da aka saba ba. Ga kuma riba ta biyu: ɗakunan nan da babu kowa suna ɗaukar haidirojin da ya yi yawa su ajiye na ɗan lokaci, su sake shi in an buƙata, don haka jikin ruteniyam ba ya cushewa. Sakamakon shi ne amoniya tana fitowa a zafi da matsin da ba su kai na tsohuwar hanya ba.

In matsi ya ragu, ba sai an gina tukwanen ƙarfe masu kaurin bango ba. Masana'anta na iya ƙanƙancewa, ta matso kusa da mai buƙata. A 2017 aka kafa wani kamfani a Japan mai suna Tsubame BHB don kai wannan fasaha kasuwa, kuma cikin waɗanda suka zuba jari akwai Ajinomoto. Eh, su ɗin dai, masu farin magin da ke kicin ɗinku. Suna buƙatar amoniya wajen haɗa kayansu, kuma sun fi son su yi ta a harabarsu da su jira tanka ta kawo.

Binciken bai tsaya nan ba. A 2013 aka nuna cewa wani haɗin kalsiyam da naitirojin shi ma ilektaraid ne, amma nasa ilektaron ba a ɗaki suke ba, shimfiɗe suke tsakanin faifai da faifai. A 2023 kuma wata tawaga a Jami'ar Newcastle ta Ingila, ƙarƙashin Erli Lu, ta ba da rahoton wani sabo wanda ke jure zafin ɗaki, kuma hanyar yinsa ta ba ni dariya: niƙa. Sun zuba fotasiyam da wani gishirin litiyam a cikin ɗan gwangwanin ƙarfe mai ƙwallo a ciki, ba tare da iska ba, inji ya jijjiga shi. Turmi da taɓarya ke nan na zamani. Da wannan gari suka yi wani aiki da ake kira da sunan Arthur Birch, mutumin Ostireliya da ya fito da shi a 1944, aikin da masu haɗa magunguna ke ji da shi. Da can sai da ruwan amoniya mai tsananin sanyi da haɗari ake yinsa. Su kuwa sun yi shi babu ruwan komai.

Yanzu bari in taka burki, don ba na son gobe wani ya ce yaron nan ya ce a kwaɓa siminti a sami taki. A'a. Akwai duwatsu a hanya, kuma manya ne.

Na farko, ruteniyam yana cikin ƙarafa mafi ƙaranci a duniya, da tsada, mafi yawansa daga Afirka ta Kudu da Rasha yake fitowa. Na biyu, ilektaraid na C12A7 ba ya shiri da ruwa, danshi yana kashe masa kaifi, don haka iskar da za a tura masa sai an tace ta sosai. Na uku, dillali ba ya kawo kaya. Har yanzu ana buƙatar haidirojin, kuma ko dai a ciro shi daga iskar gas, ko a fasa ruwa da lantarki. Fasa ruwa yana cin wuta ba kaɗan ba. Rana dai muna da ita, kowa ya ga yadda injin ban ruwa mai sola ya fara shiga fadamunmu tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, amma wutar da za ta juya famfo daban, wadda za ta riƙe masana'anta daban. Na huɗu, amoniya ba yuriya ba ce. Iska ce mai guba, mai ƙona ido da huhu. A Amurka manoma na cusa ta cikin ƙasa kai tsaye da injuna na musamman. Mu nan sai an ƙara wani mataki kafin ta zama abin da za a zuba a buhu. Kuma har yau, manyan masana'antu irin na Lekki da Eleme su ne ke ciyar da duniya.

To in haka ne, me ya sa na ɓata muku lokaci? Saboda dalili uku.

Dalili na farko, mu ne kasuwar. A watan Nuwamban 2015 a Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Najeriya. Muna da kamfanin Labana a Birnin Kebbi, muna da WACOT a Argungu, duk shinkafarmu suke jira. Tun 2006 shugabannin Afirka suka zauna a Abuja suka yi alkawarin ɗaga takin da manomi ke samu daga kilo 8 zuwa kilo 50 a kowace hekta kafin 2015. Ku tambayi manomin da ke kusa da ku ko ya ga alama. Idan ranar ƙananan masana'antun amoniya ta zo, wuraren da ke nesa da teku, masu rana, masu ruwa, masu gonaki, su ne suka fi kowa buƙata. Wannan siffar kwarin Rima ce. Tambayar ita ce, ranar za ta same mu da injiniyoyinmu, ko za mu tsaya a ƙofa muna neman aikin gadi?

Dalili na biyu, yadda muke kallon karatun kimiyya. A makarantar da na yi sakandare, ɗakin gwajinmu yana da kwalabe amma babu komai a ciki. Mun haddace cewa abu kaza in ya haɗu da abu kaza launi zai canja, ba mu taɓa ganin launin ba sai ana saura kwanaki jarrabawa. Yaron da ya sami kemistiri a jami'a, tausayinsa ake ji, a ce ai likitanci ya nema bai samu ba. Alhali Davy launi kawai ya gani ya rubuta. Daga wannan shuɗi zuwa binciken 2012, shekara 204 ne, kowa yana ɗora bulonsa a kan na wani. Muna da jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero, da jami'ar tarayya a Birnin Kebbi, da kwalejin fasaha ta Waziri Umaru, ga Jami'ar Usmanu Danfodiyo nan kusa a Sakkwato. Ƙanne na da ke waɗannan wurare, in lokacin zaɓen aikin bincike ya zo, ku dubi ƙasarku. Ku auna abin da ke cikin buhunan takin da ake sayarwa a kasuwanninmu, a ga ko ya yi daidai da abin da aka rubuta a jiki. Ku auna naitirojin da ke ƙasar fadama bayan ambaliya irin ta 2020. Wannan bincike ne da kawuna zai gane amfaninsa.

Dalili na uku ya fi kusa, don ba sai an jira Japan ba. In ka gane wahalar da ake sha kafin a kama naitirojin, ba za ka yarda ya tsere maka a banza ba. Idan aka watsa yuriya a kan ruwan da ke kwance a gonar shinkafa, sau da yawa fiye da rabinta ba ya shiga shuka. Wani ya koma amoniya ya tashi sama, wani ya bi ruwa. Wato rabin tunkiyar kawuna iska ta ɗauka. Maganin sananne ne: a rage ruwa kafin a zuba, a raba takin kashi biyu ko uku maimakon a juye lokaci ɗaya, ko a yi amfani da dunƙulalliyar yuriya da ake cusawa cikin laka tsakanin shuka huɗu, dabarar da manoman Bangaladash suka daɗe suna cin moriyarta. Sannan a tudu, kar mu raina wake da gyaɗa. Ku tuge tushen wake ku duba, za ku ga 'yan ƙulle-ƙulle. A cikinsu akwai ƙwayoyin halitta da ke tsinka igiya ukun nan a zafin gona, babu inji babu matsi, kuma su ma da tura ilektaron suke yi. Bishiyar gawo ma danginsu ce, shi ya sa gero ke yin kyau a ƙarƙashinta. Abin da masana ke fafutukar kwaikwaya, kakanninmu sun daɗe suna shuka shi tsakanin kunyoyin gero.

Ga abin da nake roƙo a wannan mako. Duk wanda ke da ƙane ko ƙanwa a sakandare, ya tambaye shi yaushe rabonsa da shiga ɗakin gwaji, kuma me ya taɓa da hannunsa. Ku rubuto mana amsar a ƙasa, ba sai kun faɗi sunan makaranta ba. In mun tara, za mu rubuta takarda cikin ladabi mu kai wa masu ruwa da tsaki a harkar ilimi, da alƙaluma a hannu, don kuka babu hujja ba ya zuwa ko'ina. Malaman kimiyya da ke bin wannan shafi kuma, ku gyara min inda na yi kuskure, ku taya mu nemo sunayen Hausa da suka fi nawa dacewa. Ni na ce gishirin lantarki, na ce dillali. In kuna da wanda ya fi, bismillah.

Na koma wurin kawuna da yamma, na same shi a zaure, na kwashe duk wannan na faɗa masa, har da gora da kifi. Ya yi shiru yana jan carbi. Labarin Japan bai dame shi ba. Abin da ya kama shi ne maganar rabin taki da ke tashi sama. Ya ce in sake faɗi, na sake. Ya ce to bana zai tsame ruwa kafin ya zuba, kuma sau uku zai raba, amma a gefe ɗaya na gonar kawai, ɗaya gefen zai yi yadda ya saba, in an yi girbi a auna. Na ce, "Kawu, ai wannan da ka faɗa shi ake kira gwaji, haka su Hosono ke yi." Ya yi dariya ya ce shi bai san wani Hosono ba, shi dai ba a yi masa wayo.

In an yanke shinkafa zan kawo muku sakamakon, ko ya goyi bayana ko ya kunyata ni. Ku tura wa abokanku wannan rubutu, musamman masu noma da masu karatun kimiyya. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.